Yashin Umma a Kan Dogona

Ban taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba. A unguwar Hausari na girma, kuma duk sanda keke ya bi da mu ta wajen tsohuwar tasha nakan leƙa in ga dogo a miƙe, rabinsa rairayi ya haɗiye, awaki na kwance a inuwar taragun da suka yi tsatsa. A jirgin nan kakana ya zo Maiduguri daga Kano, da almakashinsa da ƙunshin yadi. Tun ina ƙarama ake ba ni labarin, har na riƙa ji kamar akwai wata ƙara da aka cire wa garin kafin a haife ni.

Shekarar da na gama jami'a, ina zaman jiran a kira mu bautar ƙasa, na tsinci wani kwali a wajen masu gwanjon kayan wasan yara. Kan jirgi ne a ciki, baƙi, bai fi tsawon tafin hannuna ba, amma da nauyi kamar ba abin wasa ba. Akwai tarago biyu da guntayen dogo. Robar da ke riƙe da ƙarafan dogon ta riga ta mutu, ina taɓawa tana marmashewa kamar ƙanzo. Abin da ya rage mini shi ne siraran ƙarafa masu sheƙi, da jirgin da ba shi da hanya.

A wayar hannu na ga cewa akwai mutanen da ke shimfiɗa irin wannan dogo da hannunsu, daga farko har ƙarshe. Na kwaikwaye su da abin da nake da shi. Na samo ragowar silin a wajen kafinta, na manna shi a kan falanki. Katakan da ake girke dogo a kansu, waɗanda ni matasai nake kiransu, da tsinken ashana na yi su: in yanke kan, in jiƙa tsinken a shayi mai kauri har ya yi duhu, in shanya, in jera su da gam ɗaya bayan ɗaya. Ƙusoshi kuwa fil ne nake gutsurewa in lanƙwasa kansa da filaya. Na yi wa wani guntun katako tsaga biyu, da shi nake auna tazarar ƙarafan. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mararraba, inda hanya ke rabuwa biyu. A wurin akwai ƙarafa biyu masu motsi, sirara kamar harshen tsuntsu, su ke juya jirgi dama ko hagu. Na goge su da magagari har yatsuna suka yi kanta.

Duk wannan a ƙarƙashin gadona yake zaune, lulluɓe da tsohon zane.

Kunyarsa nake ji ƙwarai. Tsarata wasu sun fara koyarwa, wasu suna ɗinki, wasu har sun yi goyo. Ni kuwa, da aka yi ta nuna ni a unguwa ana cewa ga mai ilimi, ina durƙushe a ƙasa ina jera ashana. Umma tana tsakar gida tun safe tana haɗa turaren wuta da humra na amare, hayaƙi na sa idonta ja, ni ina jiran ta shiga ƙailula in janyo falankina. Na sha zaunawa ina ƙiyasta ranar da za ta gani. Faɗa ba ya cikin abin da nake tsoro, don Umma ba ta faɗa. Tsorona ta kalli abin, ta kalle ni, ta juya, daga nan in zama ƙarama a idonta har abada.

Ni ce 'yar farinta. A gidanmu har yanzu ana riƙe da alkunyar ɗan fari yadda kakanni suka bar ta. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yaba mini, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, in ta ga dama ma sai ta yi magana da bango alhali da ni take. "A zo a ɗauke tukunyar nan," in ji ta, ni kaɗai ce kuwa a wurin. Ƙannena suna hawa cinyarta su yi mata shagwaɓa. Ni na koyi karanta ta ne daga nesa: yawan naman da na tarar a kwanona, ko sabon mayafi da aka ajiye mini a kan gado ba tare da an ce uffan ba. Wanda ya tashi haka yakan riƙe ɗan abin da yake samu da hannu biyu, yana tsoron kada ya zube.

Aikin ya yi nisa har ya kai maganar tsakuwa. Kowane dogo na gaskiya a kan tsakuwa yake kwance, ita ke cike tsakanin matasai. A ƙaramin dogo yashi ake tankaɗewa a zuba, a daidaita shi da buroshi, a ɗiga masa ruwan gam ya daskare. Masu wannan aiki sun rabu biyu a kan lokacin zubawa. Wasu da sun gama manna matasai sai su zuba, tun ba a ɗora ƙarfe ba, don hannu ya sake, kuma gam ba zai ɓata ƙarfen ba. Wasu kuwa suna cewa a bari sai an kafa ƙarfe, an haɗa wayar wuta, jirgi ya bi ko'ina gaba da baya bai faɗi ba, domin da zarar yashi ya daskare gyara ya zama aiki. Na bi na biyun. Ashanata ba kansu ɗaya ba, ƙarafan suna yawan gocewa, kuma akwai wata kwana daga gefen taga inda jirgin ke faɗuwa kusan kullum.

Wannan hujja gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Zuba yashi yana nufin in fito tsakar gida da rariya, kowa na gani. Yana nufin in shanya falankin a sarari har ya bushe. Don haka na ji daɗi da na sami masu cewa a jira. Na riƙa ce wa kaina lokaci bai yi ba, kuma ban yi wani hanzarin gyara kwanar ba.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah Umma ta aike ni unguwar Wulari karɓo ɗinki. Na manta shaf cewa ranar ce ake fitar da kayan ɗakuna a share. A irin wannan rana ne kuma ake kawo sabon yashi daga gulbi, a kwashe tsohon da ke rumfarmu, a tankaɗe sabo a baza, a turara shi. Ɗakunanmu siminti ne, amma rumfar Umma ta ƙi yarda a yi mata daɓe. Ta ce ƙasar da ba a zuba wa yashi ba tsirara take.

Telan ya ɓata mini lokaci. Da na dawo, tun daga zaure na ga katifata a jingine da bango. Na shiga, sai ga falankina a ƙarƙashin darbejiya, a fili, an ɗora shi a kan turmi biyu da aka kifa. Kusa da shi Hajja ce a zaune, maƙwabciyarmu Babarbariya, aminiyar Umma, wadda bakinta ba ya ajiye magana. Ni fero take ce mini, wato yarinya a harshensu.

"Wushe, wushe, direba!" in ji ta. "Sannu da zuwa. Ashe tasha guda ce a ƙarƙashin gadonki, mu muna nan muna cewa jirgi ya mutu a Borno?"

Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa.

"Mu muna ta baza ido mu ga suruki, ke kina ɗaki kina aurar da ashana. Fero, a wane tarago za ki sa ni? Ni dai kusa da taga, kin san ƙafata ba ta son matsi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ƙunshin ɗinkin na rungume a ƙirji kamar zai kare ni. Umma tana bakin murhu, ta ba mu baya, tana juya itacen turare a kasko. Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Hajja, ki ce wa waccan kada a taɓa. Bai bushe ba."

Sai a lokacin na dubi falankin da kyau. An zuba wa dogona yashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. An daidaita gefensa sumul, yadda Umma ke daidaita bakin rumfa da tafin hannu. Launinsa toka-toka ne, yana ɗan ƙyalli saboda danshi, ƙamshin turare na tashi daga jikinsa. Ban taɓa ganinsa da kyau haka ba. Ya yi kama da hanyar da za ta kai mutum wani wuri.

"Sau nawa uwarki ta tankaɗe shi, ni har na gaji da kallo," in ji Hajja. "Ta ce mini, ke da kika shiga jirgi kina amarya, wane launi ne duwatsun? Na ce toka-toka, ba irin yashinmu ba. Ta sa aka daka gawayi aka gauraya. Na ce iska za ta kwashe, ta ce a jiƙa ƙaro, in yana riƙe hula ya riƙe yashi. Kin ga uwarki? Tun azumi ashana ke ɓacewa a gidan nan, har babanki ya fara zargin aljanu, ita ko ta yi gum."

"Hajja, surutu," in ji Umma.

"To, na yi shiru. Amma jibi bayan la'asar ina nan tafe, in ga tashinsa da idona."

Tun azumi. Ashe duk lallaɓawar da nake yi, da riƙe numfashi, da lulluɓa zane, a gaban wadda ta sani nake yi. Wannan kunya ɗaya ce. Ta biyun ta fi ta ciwo, domin ko da nake tsaye zuciyata na rawa saboda abin da Umma ta yi mini, idona ya riga ya fara ganin ɓarna. Yashin ya hau har saman ƙarfe a wurare da yawa. Ƙafafun jirgi suna da ɗan leɓe ta ciki wanda ke riƙe su a kan dogo, kuma gurbin da leɓen ke bi ya cike. Mararrabar da na sha wuya a kanta an binne ta gaba ɗaya, harsunanta biyu suna kwance cikin ƙaro. Kwanar nan ma da ban gyara ba an rufe ta da laifinta a ciki. Na ji fuskata tana son ta nuna, na yi sauri na sunkuyar da kai. Na ce, "An gode," ba tare da na san wa nake faɗa wa ba.

Washegari ya bushe ƙam. Na shigar da shi ɗaki, na ajiye a tsakiya, tunda ɓoyo ya ƙare. Da rana ta take, gida ya yi tsit, na goge saman ƙarafan da tsumma, na kankare abin da farce zai iya. Na taɓa harsunan mararraba, ko motsi. Na zauna ina tunani. In na bar shi haka, gobe jirgi ba zai tafi ba, Hajja za ta gane dalili, ta kuwa faɗa da ƙarfi. In na fasa yashin, na rushe abu na farko da Umma ta taɓa yi mini a gaban idon wani. Na riƙa fatan ko ta yaya jirgin ya rufa mana asiri.

Na haɗa wayar da ɗan batirin sola, na ɗora jirgin. Ya yi gurnani, ya tafi kamar taki guda, ya hau yashi, ya karkace, ya kwanta a gefensa ƙafafunsa na juyawa a iska.

"Ya faɗi."

Umma ce a bakin ƙofa, rabin jikinta a bayan labule. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ba ni take kallo ba, ƙusar da ke jikin bango take kallo.

Na ce, "Eh."

"Yashin ne?"

"A'a, Umma. Dama yakan faɗi."

Ta ce, "Dama sai ya yi tafiya mai ɗan tsawo, ya yi ƙas-ƙas a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya rage murya, sannan ya faɗi ta wajen taga. Yau ko ƙas ɗin bai kai ba."

Ban iya ɗaga kai ba. Ɗakinta bango ɗaya ne da nawa. Duk ƙailular da nake zaton barci take yi, ashe tana kwance tana bin jirgina da kunne, har ta san inda yake tuntuɓe. Ni ko na ɗauke ta wadda za ta raina ni, yanzu kuma na ƙara da yi mata ƙarya don in lallashe ta kamar yarinya. Hawaye ya ɗiga a kan yashin, wurin ya yi duhu.

"Yashin ne," na ce. "Ya toshe inda ƙafarsa ke bi. Mararrabar ma ta kame."

Na jira ta juya ta tafi. Na ji ƙarar awarwaronta, ta gyara tsayuwa.

"Ƙaro ne ai, ba siminti ba," in ji ta. "A ɗora ruwa."

A rumfa muka yi aikin. Na kawo ruwan ɗumi a kwano, da tsohon buroshin haƙori da cokali. Ina ɗiga ruwa kaɗan kaɗan don kada silin ya kumbura, ƙaron na sakewa, Umma na kwashe yashin da cokali tana zubawa a tire. Hannunta ya fi nawa sauri. Wasu matasan sun ɗago, wasu sun bi yashin sun tafi, ta riƙa tsince su tana jerawa a gefen tabarma. Ban tuna mun taɓa zama kusa haka ba. Ina jin ƙamshin humra a zanenta, gwiwarta na kusan taɓa tawa, kowa idonsa a kan dogo. Kallon kyakkyawan aikinta yana komawa laka a tire ya fi mini komai nauyi, amma ita ko a fuska ba ta nuna ba.

Da muka zo mararraba ta tsaya, ta sa ɗan yatsa ta tura harshen, ya motsa.

"To yaushe ake zubawa?" ta tambayi cokalin.

Na yi mata bayani. Na ce akwai masu zubawa tun kafin ƙarfe, amma nawa ya wuce nan. Yanzu sai jirgi ya bi ko'ina, gaba da baya, da tarago da babu, bai faɗi ba. Ko an zo zubawa, ba a bari yashi ya wuce saman matasai, kuma ƙarƙashin harsunan nan ana barinsa fili.

"Kwanar fa?"

"Ban gyara ba."

"Tun azumi?"

Na ci gaba da ɗiga ruwa. Ba ta ƙara tambaya ba, kuma na tabbata ta gane.

Washegari Hajja ta zo bayan la'asar kamar yadda ta ce, da sabon lalle a hannu. Tana ganin dogon ta riƙe haɓa.

"La ilaha! Wa ya tuɓe shi? Ni da na sha hayaƙin gawayi a banza! Fero, ke kika yi wa uwarki haka?"

Umma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ba a zubawa sai ya bi ya dawo bai faɗi ba," in ji ta, kamar abin da ta sani tun tana budurwa. "Ke da kika shiga jirgi ba ki san wannan ba?"

"Ni amarya ce lokacin, kuka nake yi, wa ya ga dogo?"

Na sa jirgin. Ya tashi da taragunsa biyu, ya yi ƙas-ƙas ɗinsa, ya ratsa mararraba lafiya. Hajja ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga, abin da ya sa na so in koma ƙarƙashin gadon da kaina. Ya isa kwanar, ya rage murya, ya kwanta.

"Kin kashe mu!" in ji Hajja. "Ni da na ce kusa da taga!"

Na ga kafaɗar Umma tana motsi. Dariya take yi, ta rufe baki da gefen mayafi.

Yashin ta shanya shi, ta sake tankaɗewa, ta zuba a wata tasa mai murfi ta ɗora a kan kantarta, tsakanin kwalaben humra. Ni kuma na zauna wa kwanar. Na cire ƙarfen waje, na sake lanƙwasa shi a hankali, na canja matasan da suka fi 'yan'uwansu tudu. A rumfa nake aikin yanzu, duk mai shigowa sayen turare sai ya tsaya ya kalla, wasu su yi tambaya, wasu su taɓe baki. Kunyar ba ta tafi ba. Har yau in baƙuwa ta ce, "Wannan na yaran gidan ne?" sai in ji wuyana ya yi zafi. Kullum da yamma kuwa Umma takan wuce da buta ta tambayi darbejiya, "Yau an faɗi?" Ni kuma in ce, "An faɗi."

Damina ta riga ta sauka ranar da ya daina faɗuwa. Na tura shi gaba, na dawo da shi baya, na juya mararraba dama da hagu, na ɗora wa taragun tsakuwa don su yi nauyi. Na yi ta yi har batirin ya fara sanyi. Na tashi na je bakin murhu, na durƙusa daga ɗan nesa.

"Umma, bai faɗi ba."

"Na ji," in ji ta.

Ta sauke kaskon, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da tasar. Ƙaron ma ashe tun safe ta jiƙa shi. Ta fara daga miƙaƙƙen wuri, tana zubawa da bakin cokali, tana share saman matasai da gashin kaza. Da ta kusa mararraba sai ta tsaya, ta ajiye cokalin a kan tabarma ta gefena, ta ɗan ja baya.

"A yi nan," in ji ta. "Ni hannuna nauyi gare shi."